Idan An Ce Ku Tafi Asibitin Malam: Yadda Hanyar Take Daga Ƙauye Zuwa Kano

'Yan'uwa cikin Ubangiji da ke ikilisiyoyin ƙasar Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, 

Akwai maganar da ke tayar da hankalin kowane gida idan malamin asibiti ya faɗe ta, wato "sai dai ku tafi Kano." Wasu da jin haka sai su ɗauka an yanke ƙauna ne, su mai da mara lafiya gida su zauna. Wasu kuma a daren su sayar da akuya ko buhun gero, da asuba su kama hanya ba takarda a hannu, ba su san ƙofar da za su dosa ba, su yi kwana uku a birni kuɗi ya ƙare ba su ga likita ba. Duka biyun muna ganinsu a zagayen da muke yi. Saboda haka a wannan fitowa muna so mu bayyana mene ne wannan babban asibiti, yaya yake haɗe da ƙananan asibitocin da ke kusa da mu, kuma me ya kamata iyali da ikilisiya su shirya tun ciwo bai zo ba.

Asibitoci hawa-hawa ne

A Nijeriya an tsara aikin lafiya hawa uku, kamar tsani. Hawa na farko shi ne ɗakin shan magani da ƙaramin asibitin mazaɓa, irin waɗanda ke Karkarna, Achilafiya da sauran garuruwanmu. Nan ake awon ciki, rigakafin yara, gwajin zazzaɓin cizon sauro, maganin gudawa, da karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba. Hawa na biyu shi ne babban asibitin gwamnatin jiha, kamar na Kazaure da na Babura, inda ake samun likita, gadon kwanciya, ƙarin jini, da tiyata irin ta fitar da jariri ko ta ƙaba. Hawa na uku shi ne asibitin koyarwa da asibitocin ƙwararru, waɗanda yawancinsu Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da su.

A shekarar 2007 Jihar Jigawa ta kafa tsarin da aka kira Gunduma domin a haɗa hawa na farko da na biyu a hannu ɗaya. Daga baya an sauya shi, ƙananan asibitoci suka koma ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Sunaye sun canza, amma tsanin yana nan yadda yake.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, mafi yawan cututtukan da ke damunmu ana gama su a hawa na farko ko na biyu. Wanda ya ɗauki yaro mai zazzaɓi daga Gwiwa har Kano, ya wuce asibitoci da dama da za su iya yi masa magani a ranar, ya yi asarar kuɗin mota, kuma ya jinkirta wa yaron magani.

Mene ne asibitin koyarwa?

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda kowa ke kira Asibitin Malam, an kafa shi a shekarar 1988, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, lokacin duk muna cikin Jihar Kano. Ya fara aiki ne a harabar Asibitin Murtala da ke cikin birni, daga baya ya koma mazauninsa na dindindin a kan titin Zariya. An sa masa sunan Malam Aminu Kano, ɗan siyasar nan mai kishin talakawa da ya rasu a 1983. Yana da gadaje fiye da 500, kuma marasa lafiya na zuwa masa daga Kano, Jigawa, Katsina, har da Jamhuriyar Nijar. Na Gwamnatin Tarayya ne, don haka ba a tambayar mutum jiharsa ko addininsa kafin a duba shi.

Ana ce masa na koyarwa domin a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Ɗalibi yakan yi shekara 6 yana karatu, ya ƙara shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin kulawar manya, sa'an nan wanda ke son ƙwarewa a fanni ɗaya, kamar ciwon yara, ko na mata, ko tiyata, ya ƙara wasu shekaru 5 ko 6 kafin ya zama babban likita. Waɗannan manyan likitoci su ne dalilin da ya sa ake tura mutane can. A nan ake wankin ƙoda, kuma tun shekarar 2002 aka fara dashen ƙoda a wannan asibiti. Akwai sashen jariran da aka haifa ba su isa haihuwa ba, da na ciwon zuciya, da na masu sikila, da ɗakin gwaji inda ake duba tsokar da aka yanko daga ƙari a gane ko ciwon daji ne. Asibitin yana kuma da cibiyar lafiya a Kumbotso, inda ɗalibansa ke koyon aiki a cikin jama'a.

Ga abin da ke ba mutanenmu mamaki a ranar farko. Da safe za ka ga babban likita ya zo bakin gado, bayansa matasa goma ko fiye da fararen riguna, suna magana da Turanci a kan mara lafiya kamar ba ya wurin. Wasu iyaye mata sukan tsorata, su ce an mai da ɗansu abin gwaji. Ba haka ba ne. Ɗalibai suna kallo suna tambaya, amma babban likita ne ke yanke shawarar magani. Kuna da 'yancin ku ce a yi muku bayani da Hausa kafin su wuce gado na gaba, kuma yawancin ma'aikatan suna jin Hausa. Ba a yin tiyata sai an bayyana wa mara lafiya ko waliyyinsa, ya sa hannu ko ya dangwala. Kada ku dangwala a kan abin da ba ku fahimta ba, kada kuma ku ƙi tiyata don tsoro kawai ba ku tambaya ba.

Takardar turawa

Idan likitan Kazaure ko na Babura ya ce ku wuce gaba, kada ku bar ofishinsa sai da takardar turawa. A cikinta yake rubuta abin da ya gani, gwajin da ya yi, maganin da ya bayar, da sashen da yake tura ku. Wannan 'yar takarda tana rage kwanaki da kuɗi, domin likitan Kano ba zai fara daga tushe ba. Wanda ya je ba tare da ita ba, kuma ciwonsa ba na gaggawa ba ne, zai fara ne daga sashen duba kowa da kowa, ya bi layi, sai likitan wurin ya ga ya cancanta kafin a ba shi ranar ganin ƙwararre. Ranar kuwa tana iya zama bayan makonni.

Ku tambayi likitan da ya tura ku abu biyu: wane sashe za mu nema, kuma wace rana suke ganin mutane? Kowane sashe yana da ranakunsa a mako. Wanda ya isa ranar da ba ta sashensa ba, sai ya kwana a birni ko ya dawo. Ku haɗa duk tsofaffin katuna, sakamakon gwaji, hoton ƙirji, da kwalayen magungunan da ake sha, har da na kemis da na gargajiya. Likita ba zai yi faɗa don an sha sassaƙe ba, amma yana bukatar ya sani, musamman idan ƙoda ko hanta ce ta taɓu.

Daga Kazaure zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne ta hanyar Ɗambatta. Mu ta arewa muke shiga birni, asibitin kuwa yana kudu, don haka sai an ratsa garin da cunkosonsa. A fita da sassafe. A bakin kowane babban asibiti kuma akan sami 'yan cuwa-cuwa masu cewa za su sama maka kati ko gado da sauri. Ku biya kuɗi a wurin da aka tanada kaɗai, ku karɓi rasit, ku adana shi. Wani lokaci likitoci ko ma'aikatan asibitocin Tarayya sukan shiga yajin aiki, saboda haka yana da kyau a saurari rediyo ko a kira wani ɗan'uwa a Kano kafin a tashi.

Abin da ba ya jira

Duk abin da muka faɗa a sama na ciwon da ke ba da lokaci ne. Akwai wanda ba ya bayarwa, kuma a nan ne muka fi yin asarar rayuka, musamman na mata.

Mace da ta haihu jini ya ɓalle mata tana iya rasuwa cikin awa 2. Awa 2 ba su isa a nemo mai gida daga gona, a tara dangi a yi shawara, a nemi rance, a nemo mota, a kai Kano ba. Irin wannan mace asibiti mafi kusa mai likita da jini za a kai ta nan take, wato Kazaure ko Babura ko duk wanda ya fi kusa da ku. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su sa mata ruwa, su yi mata allurar tsayar da jini, sa'an nan su tura ta gaba tana da ƙarfin jure hanya. Haka nan mai ciki da ke fama da ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska da hannu, ko ganin dishi-dishi, ko wadda ta fara jijjiga. Wannan hawan jini ne na ciki, ba iska ba ce, kuma akwai allurarsa. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a haihu ba ita ma ba ta jira. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin yana mutuwa, abin da ke kawo yoyon fitsari ke nan, sau da yawa kuma jaririn ba ya rayuwa.

Muna roƙon magidanta da babbar murya: ku ba matanku izini tun yanzu, a gaban iyayenku da maƙwabta, cewa idan irin wannan ta taso ba ku nan, a tafi da su ba sai an jira ku ba. Mun san gidajen da mace ta kwana tana zubar da jini don babu wanda ke da ikon cewa a tafi.

Ga yara kuwa, alamun su ne jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko barcin da ba a iya tada yaro. A lokacin zafi, zazzaɓi da sandarewar wuya na iya zama sanƙarau, dattawanmu kuwa ba su manta da annobar 1996 ba. Saran maciji ma asibiti ake kai shi kai tsaye, ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau. A duk waɗannan, ɗakin gaggawa na kowane asibiti, har da na Malam, yana karɓar mutum dare da rana ba sai da takarda ba.

Wani zai ce, mu masu bi ne, addu'a ta isa. Mu ma mun gaskata da addu'a, kuma ba ma fara tafiya sai da ita. Amma a yi ta a cikin mota ana tafiya. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne, Basamariyen nan kuma ɗaukar mai rauni ya yi a kan dabbarsa ya kai shi inda za a yi jinyarsa, har ya biya kuɗin. Muna roƙon fastoci da masu bishara kada su riƙe mai naƙuda ko mai jijjiga a majami'a.

Ba kowane ciwo ne na Asibitin Malam ba

Kano tana da wasu asibitocin ƙwararru da ya kamata ku sani. Ga ciwon ido akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1943. Tsofaffinmu da yawa suna zaune cikin duhu saboda yanar ido, alhali aikin cire ta ɗan gajere ne. Amma hawan jinin ido dabam yake, abin da ya riga ya cinye ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar, don haka a je da wuri. Ga karaya mai wuya, da ciwon ƙashi, da yaran da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959. Ga yoyon fitsari, a cikin jiharmu akwai sashe a Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2008, ana yin aikin kyauta. Idan akwai irin waɗannan mata a ɓoye a gidajenku, Zumuntar Mata su neme su cikin sirri da mutunci, domin yawancinsu suna warkewa.

A Dutse akwai Asibitin Rasheed Shekoni, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Sai dai mu mutanen wannan kusurwa Kano ta fi mana kusa da su duka biyu.

Tarin tibi kuma, gwajinsa da maganinsa kyauta ne, ana sha wata 6, kuma ana samunsa a nan kusa ba sai an je Kano ba. Maganin rage ƙarfin cuta mai karya garkuwar jiki shi ma gwamnati ta mai da shi kyauta tun 2006.

Kuɗi, jini da mai jinya

Ba za mu ɓoye muku ba, jinya a asibitin koyarwa tana da tsada. Ana biyan kati, gwaji, gado, magani da tiyata, kowanne dabam, ga kuɗin mota da abincin mai jinya. Farashi yana canzawa, shi ya sa ba mu rubuta adadi ba. Asibitin yana da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke duba lamarin marasa ƙarfi, ba laifi a nemi ganinsu, ko da yake masu nema sun fi abin da ke hannunsu yawa. Jihar Jigawa ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA. Ku tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko ana rajistar mata masu ciki, ƙananan yara da tsofaffi, kuma me rajistar ta ƙunsa.

Amma abin da ke hannunmu ya fi saurin amfani. Shawararmu ita ce kowace ikilisiya ta kafa asusun gaggawa, dabam da baikon Lahadi. Da kaka kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu ta gero, wake ko riɗi, a adana, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Mutum uku su riƙe asusun, a cikinsu lalle a sami mace, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa jama'a duk wata uku. Kuɗin ya kasance a inda za a iya ɗaukarsa da tsakar dare. Asusun da sai an jira taron dattawa ran Lahadi kafin a buɗe shi ba na gaggawa ba ne. Ko rance za a bayar ko kyauta, wannan kowace ikilisiya ta yanke wa kanta, amma a yanke tun yanzu. Mu dai a ganinmu kada a rufe shi ga maƙwabtanmu Musulmi idan tasu ta taso, domin sau da yawa motarsu ce ke ɗaukar namu.

A yi magana da direba ɗaya ko biyu tun da wuri, a daidaita kuɗin Kazaure da na Kano, a rubuta lambarsu a bangon majami'a. A shekarun baya an yi shirin Haihuwa Lafiya a Jigawa, inda direbobin tasha suka riƙa ɗaukar mata masu naƙuda. Ku tambayi shugaban tashar da ke kusa da ku ko akwai direban da ya saba da irin wannan aiki. Da damina kuma a san hanyar da za a bi idan rafi ya kawo.

Sai maganar jini. Ba a ƙera jini a masana'anta, daga jikin mutum yake fitowa, kuma asibiti yakan nemi dangi su bayar kafin tiyata ko su mayar da wanda aka ƙara. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana noma. Ana gwada kowane jini kafin a sa wa wani. Muna ba matasan ikilisiya shawara su je asibitin Kazaure ko Babura a gwada rukunin jininsu, a rubuta sunayen masu niyya, domin ranar da za a tafi da mara lafiya a tafi da mutum biyu daga cikinsu.

Mai jinya kuma a zaɓe shi da hankali. A babban asibiti mai jinya ne ke zuwa biyan kuɗi, karɓo magani, kai jini ɗakin gwaji, da sauraron bayanin likita. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga birni ba za ta iya zama kusa da gado, amma a haɗa ta da wanda ya iya karatu kuma yake da waya. Fasto ya rubuta wasiƙa zuwa wata ikilisiya a Kano domin a sami mai ziyara, wataƙila ma da wurin kwana.

Bayan an sallame ku

Ranar sallama ku nemi takardar da ta bayyana ciwon da maganin da za a ci gaba da sha, ku kai ta asibitin da ya tura ku tun farko. Masu hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya da sikila ba sai sun riƙa zuwa Kano kowane wata ba. Da zarar ƙwararre ya daidaita maganin, ana iya ci gaba da awo da karɓar magani a kusa da gida, a koma Kano a ranar da aka rubuta kawai. Kada a daina magani don an ji sauƙi, kada kuma a bar ranar komawa ta wuce don shuka ko girbi. Katin asibitin a sa shi a leda a ajiye inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba, domin da lambar da ke jikinsa ake nemo fayil ɗinku ko bayan shekaru.

Muna roƙon sakatarorin ikilisiya su karanta wannan shafi a sujada da kuma taron Zumuntar Mata. Idan ma'aikatanmu suka zo zagaye na gaba, za su so su ga sunayen masu riƙe asusu, lambar direba, da jerin masu ba da jini na kowace ikilisiya.